Dattijon da Ya Fassara Baƙin Sama

A tashar Wad Haddad, Indo tana jiran motar zuwa birnin Madani, takardun neman jinsiyya, wato shaidar zama 'yar ƙasa, ƙulle a bakin mayafinta. Sau biyu ana mayar da ita daga ofishin hukuma a can. A rumfar mai shayi, talabijin na nuna wani shiri da Larabcin littafi wanda ba ta kamawa.

Gefenta wani dattijo ne, jallabiyarsa ta koɗe, dugadugansa duk faso. Ƙila ya tsufa ne yana tsaron ruwan gonaki. Yana kurɓar shayi, yana nuna talabijin da haɓa.

"Ɗiyata, kin gane? Wasu halittu ne suka sauko daga sama, hukuma ta ɓoye su, tana rantsuwa babu su."

Hausa ce tsantsa, irin ta marigayi mahaifinta.

"To Baba, ya za su ƙare?"

Ya kalli ƙullin takardunta, ya murmusa. "Mu ma shekara hamsin muna cirar auduga ana cewa babu mu, ga mu muna shan shayi. Je ki tsaya gabansu, su gan ki."

Ko sunansa ba ta tambaya ba, amma har Madani tana sa masa albarka.