'Yar tsanar da Inna Kulu ta ɗinka wa Ma'u

Inna Kulu ta rasu.

Ina cikin zuba wa yara kunu yau da safe ɗanta ya kira ni daga Gummi, ya ce ta cika bayan sallar asuba. Na ce masa to, na gode, kamar ba mutuwa ya gaya min ba. Sai da na ajiye wayar sannan na fara salati. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Duk wanda ya zauna a unguwarmu a Anka ya san ta, tsohuwar nan mai keken ɗinki. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata. Lokacin da aka turo ni koyarwa a firamare ban san kowa a garin ba, ita ta riƙa karɓar 'yata Ma'u in zan tafi aji. In na dawo sai in tarar an yi wa yarinya wanka, ta ƙoshi, har da hoce, wainar dawar nan tasu, a ƙulle a leda, wai na Malama ne. Hijabina ya taɓa yagewa a igiyar shanya, ban ma san ya yage ba sai da na ga ɗinkin.

Ba dogon yabo na zo yi ba. Laifina na zo faɗa, don ya daɗe yana cina.

Inna takan ɗinka wa yaran unguwa 'yar tsana da ragowar ƙyallaye, kuma tana da yadda take yi. Sai ta zaunar da yarinya a tabarma, ta ƙare mata kallo, ta riƙa kara ƙyalle a hannunta har ta samu wanda ya zo daidai da fatarta. Mai kumatu a cusa wa tata auduga a kumatu. Mai wushirya a fitar mata da wushirya da farin zare. Zane kuwa daga ragowar kayan sallar yarinyar take yankowa. Ba ta yi musu ƙirji, ba ta sa musu jan baki, takan ce yarinya ai yarinya take goyo.

Ma'u baƙa ce, ubanta ta ɗauko, ga kumatu ga ɗan tumbi, gashinta da ƙyar yake kama kitso. Haka tata ta fito, sak. Da ita take cin tuwo, da ita take zuwa ko'ina.

Sai yaran unguwa suka sa ranar sunan 'yar tsana, wasan nan da mu ma muka yi muna yara. Kowa ta goyo tata, a dafa 'yar shinkafa a gwangwani, a raɗa suna, a rangaɗa guɗa. A makon ne na je wokshop Gusau, na ga wata ta roba a kasuwa. Fara sol, gashi ruwan ɗorawa har gadon baya, ƙugu kamar tsinke, siket iya cinya, ga takalmi mai tsini. Zuciyata ta ce 'yar malama guda ba za ta fita da tsumma a baya ba.

Ranar suna Ma'u ta riga ta goya tata. Na kwance goyon da hannuna, na ce ta ajiye wannan baƙar mummunar, ga ta 'yan gayu na kawo mata.

Baƙar mummuna. Ni na faɗa da bakina, a gaban yarinya 'yar shekara biyar da ta san ita aka kalla aka ɗinka. Keken Inna da nake jiyowa ta bayan katanga ya tsaya.

Ta robar ma ba ta yi mana rana ba. Ba ta goyuwa, ƙafafu a sandare, sai zamewa take daga zane. Yara suka yi ta dariya, wai wannan ai amarya ce, ba a yi wa amarya suna. Har ni na taya su dariyar, na ɗauka magana ta wuce.

Bayan 'yan kwanaki Inna ta kama Ma'u a bayan randa tana dirje hannunta da soson wanke-wanke da toka, har fatar ta ɗaye. Ta shafa mata man kaɗe, ta kawo min ita. Ni kuwa kunyar da na ji sai ta juye ta zama fushi. Na yi wa yarinyar faɗa, na rage shiga gidan Inna. Gaisuwarmu ta koma ta kan katanga.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a tasha ce, shekara biyu ke nan, ranar da ɗanta ya zo ɗaukarta zuwa Gummi saboda ciwon ƙafa. Da niyyar neman gafara na je, amma na ɓige da zancen hanya da zafin rana. Mota na shirin tashi ta kamo hannuna ta taga.

"Malama, ni ba ki yi mani komi ba, ƙyalle na da zare. Amma ɗiyag ga ta ji abin da kinka ce. Ki ba ta haƙuri tun tana ƙarama."

Na ce in sha Allahu, Inna.

Ban yi ba. A ina aka taɓa ganin uwa ta ba 'yar cikinta haƙuri? Haka na riƙa gaya wa kaina. Na saya mata alewa, na saya mata takalmi, na ce ai yara mantuwa gare su. Gummi kuma ba nisa ba ne, amma kullum sai na ce hutu mai zuwa. Ko sau ɗaya ban je duba ta ba.

Yau da na gaya wa Ma'u rasuwar, na bari ta yi kukanta, sannan na zaunar da ita. Shekararta takwas yanzu. Na tambaye ta ko ta tuna ranar sunan nan. Ta ce e, har launin zanen da na ɗaura a ranar ta faɗa min. Na riƙe hannunta na ce ta yafe min, abin da na faɗa ƙarya ne, kuma na zalunce ta.

Ta dube ni, ba alamar fushi a fuskarta.

"Ba komi, Mama. Ai gaskiya kinka hwaɗi."

Shekara uku tana yawo da maganar nan a ranta, ta yarda da ita. Wallahi ban san ta inda zan fara ba, wadda za ta nuna min kuwa ana can ana yi mata sutura.

Allah Ya jiƙan Inna Kulu, Ya yafe mata kurakuranta, Ya yalwata kabarinta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Ya ba 'ya'yanta haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, ba layik nake nema ba. Don Allah ku sa ta a addu'a. Ni ma ku roƙa min Allah Ya yafe min, Ya ba ni ikon gyara abin da bakina ya ɓata a zuciyar Ma'u.