Injiniya, Wadda Ba Ta Aika Saƙon Banza

Da safiyar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran Injiniya, abokiyar aikina a cibiyar hasashen ambaliya. Mijinta ne ya kira ni ina tsaye bakin ƙofar ofis, makulli a hannu. Daga Allah muka zo, can kuma muka nufa. Na faɗi haka, na buɗe ƙofa, na zauna a kujerarta maimakon tawa. Ina fushi da ke, Injiniya, gara in faɗa tun da wuri.

Ga wanda bai san aikinmu ba: lissafin ruwan da kogi zai kawo ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, sai a raba shi ga kwamfutoci masu yawa, kowace da yankinta, suna aika wa juna saƙo. Kafin zuwanki, kowace takan kwashi lambobinta kaf ta tura wa babbarsu, hanya ta cushe, sakamako ya fito bayan ruwa ya gama shiga gidajen mutane. Ke kika sauya tsarin. Kowace kwamfuta ta fara haɗa abin da ke ma'ajinta ita kaɗai, ta tara na tarawa, ta fitar da mafi girma inda shi ake nema, ba ta tuntuɓi kowa ba. Ɗan abin da ya rage shi za ta aika. Kullum kina cewa mutum ya gama nasa a ɗakinsa kafin ya dami maƙwabta.

Wannan haɗin yana da hali guda da kika gaji da nanatawa. Ma'aji biyu ake ba shi, sakamakon kuma a kan na biyun yake sauka, ya shafe abin da ke ciki. Babu wanda bai taɓa mantawa ba, har shugaban sashe. Ranar da abin ya zo kaina, lambobin awon ruwan sama na damina guda suka tafi, na tsine wa kwamfuta, na tsine wa wanda ya ƙera ta. Kika bar ni na gama, kina ɓare lemu, sannan kika juyo mini da fuskar kwamfutarki.

"Uwar faɗa, sha ruwa. Tun jiya na ajiye kwafi, na san halinki."

Haka kike yi wa kowa, ba ki taɓa goranta wa ko ɗaya ba. Lokacin jinyar mahaifiyata kin ɗauke aikina kin haɗa da naki, da na yi godiya kika ce in daina ɓata miki lokaci.

To, ga abin da ya ƙona mini rai. A wurin zaman makoki na gano kin fi shekara kina fama da ciwon ƙoda. Mijinki ya san da asibiti, bai san abin da likita ya ce ba. Ƙanwarki ta ga magunguna, kika ce na hawan jini ne. Ni kuwa, teburinmu na manne da juna, duk safiya in tambaye ki jiki, ki ce da sauƙi. Kin haɗa ciwon da tsoron da maganar likita ke kaɗai a cikinki, kika aiko mana da kalma biyu. Wannan dabarar ta kwamfuta ce, Injiniya. Mu mutane ne, hanyarmu ba ta cushewa don ƙawa ta faɗi ciwonta. Da an gwada ni, watakila ƙodata ta dace. Ba ki ba ni ko damar a ce mini a'a ba.

Da yayanki ya miƙe ya roƙi duk wanda kika ɓata wa ya yafe, mata suka amsa baki ɗaya. Ni bakina ya ƙi buɗuwa. 'Yarki ta lura. Da zan tafi ta biyo ni har ƙofa.

"Anti, ba ki ce komai ba. Mama ta yi miki laifi ne?"

Na ce mata ƙwarai kuwa, babba ma. Ta ce ita ma haka, amma ta rasa wanda za ta gaya wa. Muka zauna a kan matakala, ta faɗi nata, na faɗi nawa, babu wadda ta taƙaita.

Saboda haka nake rubuta shi a fili, don ta gani: na yafe miki, duniya da lahira. Fushin zai ɗan jima, kin san ni. Kin ajiye wa kowa kwafin abin da ya ɓatar, ke ce kaɗai ba mu da kwafinki.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa, Ka sa jinyar da ta ɓoye ta zama kaffara, Ka yalwata makwancinta, Ka saka mata da kowane gida da gargaɗinta ya isa kafin ruwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta, da yayanta, da ƙanwarta, Allah Ya ba ku haƙurin da ni har yanzu nake nema. Ke kuma 'yata, 'yar Injiniya, in an tambaye ki lafiya a gidana, ban yarda da amsar kalma biyu ba. Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.