Wadda Ta Jefa da Waɗanda Suka Yar

Shekarata ta biyu da fara koyarwa aka tura ni wata kwaleji a Belbeji. Lissafi na karanta, shi kuma aka aiko ni in koyar. Amma makarantar ba ta da malamin motsa jiki, sai direkta ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya a ɗakin malamai, ya ga ni ne mafi ƙuruciya, ya miƙo mini usur da ƙwallo biyu, ɗaya ma tana sace iska. Ban musa ba. Matata tana Damagaram da jaririnmu. Ɗakin da na kama a bayan kasuwa ba kome cikinsa sai katifa da butar shayi da kwalin littattafai, in an tashi daga makaranta ba inda nake zuwa. Sauran malamai kowa da fadarsa. Sun gayyace ni sau ɗaya, na zauna suna ta hirar mutanen da ban sani ba, ban sake komawa ba.

A wannan shekarar aka ce za a yi gasar ƙwallon hannu ta ƴan mata tsakanin makarantu a Tanut, direkta ya ce lalle mu ma mu je. Ƴan mata wajen ashirin suka ba da suna, goma kaɗai motar za ta ɗauka. Ni aka bar wa zaɓe.

Ban taɓa buga ƙwallon hannu ba. Abin da na iya shi ne ƙidaya, sai na koma gare shi. Na ɗauki kaye sabo, wato littafin rubutu, na rubuta sunan kowace yarinya, na ja layi biyu: gefe ɗaya jifan da ya isa hannun abokiyar wasa, ɗaya gefen wanda bai isa ba. Kullum bayan la'asar ina tsaye a bakin fili ƙarƙashin wata aduwa, suna wasa ina saka alama. Na ji daɗin wannan dabara ƙwarai. A ganina ba wanda zai ce na yi son kai, tunda takarda ce za ta yi magana.

Wadda ta fi kowa kyan sakamako ita ce ɗiyar mai gidan da nake haya. Yarinya ce mai fara'a, uwarta kuma takan aiko mini da tuwo in sun yi. Wadda ta zo ƙarshe kuwa wata doguwa ce siririya ƴar aji uku, daga wani ƙauye can gabas da gari. A gidan wani dangin uwarta take zaune saboda karatu. Ba ta da ƙawa da na sani. In an tafi hutun ƙarfe goma takan zauna ita kaɗai a inuwar aji tana gyaran igiyar takalminta, ko da kuwa ba abin da ya sami takalmin. A cikin jifa goma nata da ƙyar huɗu suke tsayawa a hannu. Sauran sai su bugi yatsun mutum su yi gefe, ko su daki ƙirji su faɗi ƙasa.

"Mushe," in ji ɗaya daga cikin ƴan matan, don haka ɗalibai ke kiran malami, "wannan fa jifanta kamar tana fushi da mutum."

Duka suka yi dariya. Ni ma na murmusa.

Saura mako uku tafiya na kira doguwar nan gefe, na gaya mata ba ta cikin waɗanda za su je. Na buɗe kayen na nuna mata layinta, don kada ta ɗauka ƙiyayya ce. Ta daɗe tana kallon alamomin.

"Mushe, a hannunsu nake sa wa," ta ce a hankali.

"To ga abin da aka rubuta. In a hannunsu kike sawa, ai da sun kama."

Ta juya ta tafi. Na ɗauka ba za ta sake zuwa fili ba, amma washegari sai ga ta, ta ɗaure hijabinta a ƙugu kamar kullum.

Bayan kwana biyu zazzaɓi ya kwantar da ɗaya, ƴan matan suka zama ba su cika bibbiyu ba. Muna wani horo da mutum biyu ke gudu a jere suna jefa wa juna har ƙarshen fili. Kowa ta kama abokiyarta da sauri, doguwar nan ta rage tsaye ita kaɗai. Na ajiye kayen a ƙasa, na naɗe ƙafar wando na ce ta zo mu yi.

Na fara gudu, na juyo don in nemi ƙwallon, sai kawai na ji ta a tafin hannuna. Ban miƙa ba, ban rage gudu ba. Ta zo daidai ƙirjina, a wurin da ƙafata za ta sauka, ba wurin da nake lokacin da aka sake ta ba. Na mayar mata a karkace, ta cafe da hannu ɗaya, ta sake aiko mini. Haka har ƙarshen fili, haka muka dawo. Sau ɗaya na yar, kuma na san ni na yar, don na rufe hannu kafin ta iso. Da muka tsaya tafukana suna zafi, ina haki, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana jiran a ce mata wani abu. Na kira ɗiyar mai gidana na ce mu gwada da ita.

Nata jifan a sama yake tafiya, a hankali, kamar ana miƙa wa yaro lemu. Sai na tsaya cak, wani lokaci ma in koma baya, kafin in kama. Ban yar ko ɗaya ba. A nan na gane abin da kayena yake ƙirgawa. Tana jefa wa wadda ke tsaye kusa da ita, jifa mai laushi da ba ya kai kowa ko'ina, ni kuma in saka mata alama mai kyau. Waccan tana jefa wa mai gudu daga nesa, su yar, in rubuta laifin a sunanta.

Daga ranar na canza. Na daina duba inda ƙwallo ta ƙare, na koma duba inda ta iso. Na ƙara layi na uku: jifan da ya zo hannu aka yar. Na ɗauka da haka magana ta ƙare, ashe nan wahalar take. In ƙwallo ta taɓa kan yatsu kawai, na wa ne? In mai kamawa ta juyo a makare, ko rana ta shiga idonta? In jifan daidai yake amma ƙarfinsa ya fi hannun yarinya ƴar shekara goma sha uku, shi ma daidai ne? Ranar Lahadi nakan zauna a ƙofar ɗakina tun hantsi da kayen a cinya, in goge alama in sake sakawa, ba wanda zan tambaya. Na taɓa ɗauko zancen a ɗakin malamai. Malamin Faransanci ya ɗago daga takardun da yake gyarawa ya ce, "Abokina, ƙwallon da ba a kama ba ai ba a kama ba. Me za ka yi ta lissafi a kai?" Aka ci gaba da hirar da ake yi.

Na kira matata na ba ta labarin tun daga farko. Ta saurara, ina jin kukan yaron a bayanta.

"To laifin wa ke nan?" ta ce.

"Ban sani ba tukuna."

"Allah Ya sa ka sani. Bari in ɗauke shi, ya tashi."

Wata rana bayan horo na tambayi doguwar yarinyar inda ta koyi jifa. Ta ce babanta magini ne, rumbu yake yi da katanga, kuma ba shi da ɗa namiji babba. Tun tana ƙarama in yana bisa gini ita ke cura laka tana jefa masa daga ƙasa.

"Shi ba ya ma kallona, Mushe. Hannu kawai yake buɗewa. In ya zo a karkace sai ya bar shi ya faɗo mini."

Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinta.

Na ce ta rage ƙarfi ko za su riƙa kamawa. Ta rage. Sai ƴan ɗaya ɓangaren suka riƙa tare ƙwallon a hanya kafin ta isa, don yanzu suna da lokacin ganinta. Na ce ta koma yadda take. Na juya kan masu kamawa, na yi ta koya musu su buɗe yatsu, su tarbi ƙwallo kada su jira ta same su. Ƴar ƙaramarsu ta ɗan kama hanya. Sauran da sun ga ita ce za ta jefo sai su ɗaure fuska su kau da kai tun kafin ta saki.

Da lokacin miƙa sunaye ya yi, na sa doguwar nan. Dole wata ta fita, kuma a sabon lissafina ɗiyar mai gidana ce a ƙasa. Na cire ta. Uban ya ci gaba da amsa gaisuwata kamar da. Tuwo dai bai sake zuwa ba, yarinyar kuma in mun haɗu a zaure sai ta raɓe ta wuce. Na koma sayen shinkafa da wake a bakin tasha.

Muka tafi Tanut da sassafe a buɗaɗɗiyar mota. Filinsu na siminti ne, ƴan matanmu ba su taɓa taka irinsa ba, ga ƴan kallo sun kewaye. Wasa ɗaya muka yi aka fitar da mu. Doguwar nan ta yi jifanta yadda ta saba. Ina tsaye ina gani, ɗaya bayan ɗaya suna zuwa daidai hannu suna faɗuwa, ƴan Tanut su kwashe su ruga su ci. Sau ɗaya ƴar ƙaramar nan ta tarbi wani dogon jifa tana cikin gudu, ta sami kanta ita da mai tsaron gida, ta zura. Na yi ihu ni kaɗai har wani ya waiwayo ya dube ni. Ana dab da tashi wani jifan ya wuce tsakanin hannun kyaftin ɗinmu ya dake ta a hanci, jini ya ɓalle. Ƴan kallo suka ɗau sowa, wani yana cewa a fitar da mai jifan nan kafin ta kashe ƴan'uwanta.

Bayan wasa direkta ya ja ni gefe.

"Wannan ce ka cire ɗiyar mutane saboda ita?"

Na buɗe kayen zan nuna masa layi na uku. Ya ɗaga hannu.

"Bar shi, Malam. Na ga wasan da idona."

Shi ma abin da ya gani gaskiya ne, ƙwallo tana barin hannunta tana ƙarewa a ƙasa. Na rufe kayen.

Da azahar muka kamo hanyar gida. Ƴan matan sun taru gaba kusa da kan mota, sun kewaye mai hancin. Ita tana can baya ta jingina da ƙarfe, ta ja hijabi ta rufe baki, tana kallon gonakin da aka girbe suna wucewa. Na bar wa direkta gidan gaba, na hau baya na zauna nesa kaɗan da ita. Da muka yi nisa na ce mata:

"Jifanki daidai ne. Na duba kowane ɗaya."

"Na sani, Mushe."

Can ta ƙara da cewa, "Da kun bar ni a gida, da ba su ji haushina haka ba."

Da na tafi da mai jifa mai laushi, mai yiwuwa da an ci mu duk da haka, amma da ba a zub da jini ba, da kuma sun dawo suna waƙa a mota.

Ba ta sake zuwa horon la'asar ba, sai darasin da ya zama dole. A ƙarshen zango na ba ta maki mafi yawa a motsa jiki. Direkta ya ga takardar, ya dube ni, ya sa hannu.

Da damina ta kusa takardar canjin wurin aiki ta zo mini, aka mai da ni wajen Ollelewa. Ranar da zan tashi ta dace da ranar kasuwa. Ina tasha ana ɗaure mini katifa bisa mota sai na hango doguwar yarinyar nan a kan wani amalanken jaki da ƙullin kayanta, za ta koma ƙauye hutu. Ta sauko ta zo ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce in ta isa ta gaida mini babanta. Ta ce zai ji. Mai amalanken ya kira ta, ta koma ta hau, suka bi hanyar gabas. Motarmu ba ta cika ba sai bayan la'asar.