Duwatsun Kufai a Harsashin Gidana

Akwai wata safiyar Asabar da ba za ta taɓa barin raina ba. Lokacin muna ƙasar waje, muna haya a wani titi mai suna Gate City Boulevard, ina aikin kula da tsofaffi, ɗan abin da na samu ina tura wa yayana yana gina mini gida a garinmu.

A bayan garin namu akwai wani tsauni mai faffaɗan kai, babu bishiya, sai ciyawa da iska. Can sama akwai kufai, duwatsu a jere zagaye-zagaye, gurbin ɗakunan mutanen da suka zauna wurin tun kafin a kafa garinmu. Muna yara mukan tsinci tsingaro da duwatsun niƙa da suka lotsa don aiki. Wasu ma'aikata sun taɓa zuwa suka kafa allo wai wurin tarihi ne, ba su sake waiwayarsa ba.

To, sai aka ba 'yata aikin makaranta a kan mutanen da. Na yi ta cika mata baki, na ce namu ya fi na littafinsu. Na kira yayan nawa ta bidiyo, na roƙe shi ya hau tsaunin ya nuna mata. Ya yi ta kame-kame, daga baya dai ya hau babur.

Da ya juya wayar, sai na ga fili fetal da sawun tayar tifa.

Na ce, "Yaya, ina duwatsun?"

"Ai tun bara aka kwashe. Kowa ya ɗiba."

"Har da kai?"

Ya yi dariya. "Ba ke kike matsa mini a gama gini ba? Dutse ya yi tsada, ga na banza a bayan gari. Harsashin gidanki kaf da su aka yi."

Yarinyar ta leƙo, ta tambaye ni da Turanci, wai ina ɗakunan? Na kashe wayar, na shiga kicin na yi kuka.

An gama gidan, kowa yana yaba shi. Ni har yau ban iya yi masa murna ba. Shekaru na yi ina alfahari da kufan nan daga nesa, ban taɓa tambayar halin da yake ciki ba. A ranar na gane ba baƙi ke rushe mana tarihi ba. Mu ne, masu son sa da baki.