Ƙwaryar da Kaka ta Kasa Mayarwa

Jiya na shaƙi ƙamshin ɗanyen goro a kasuwar Bagudo, sai Kakata ta faɗo mini a rai. Ita ce mai haɗa aure a ƙauyenmu, bakinta kuwa ko kututture ta yaba sai ka ji kana son sa. Ita ta haɗa Yayata da wani saurayi ɗan Geza. Danginsa suka kawo goro a ƙwarya mai zane, Baba ya karɓa, aka ce sai bayan kaka a sa rana.

Gero bai nuna ba yaƙin basasa ya taso, saurayin ya shiga soja. Maza suka yi ƙaranci, har mu 'yan mata muka riƙa yankan shinkafa a fadama. Aka gama yaƙi, wasu suka dawo da ƙafa ɗaya, wasu takarda ce ta dawo a madadinsu. Shi ko takardar ba a samu ba.

Ka san al'adarmu: muddin ƙwaryar nan tana gidan budurwa, babu mai sallama da sunan nema. Wadda ta haɗa kuwa ita ke mayarwa. Kowane rani Kaka takan ɗora mini ƙwaryar a ka, mu kama hanyar Geza. Tun daga nesa uwar saurayin, wadda idonta ya fara tafiya, za ta miƙe tana lalubar tabarma.

"Maraba! Kun taho sa rana? Shina nan tahe, na yi mafalkinai."

Sai Kaka mai bakin nan ta sha ruwa, ta tambayi lafiyar awaki, mu juyo da kayanmu. Wata rana a hanya na ce mata Yaya fa tana tsufa. Ta daka mini tsawa.

"In aje mata ƙwaryag ga, ni na kashe mata ɗa ke nan. Ke ki aje!"

Ban ajiye ba. Na ji haushinta, har yau ina ji, amma ni ma ban ajiye ba.

Shekara takwas uwar saurayin ta yi kafin ta rasu, sannan hanyar nema ta buɗe. Lokacin sa'o'in Yaya suna da 'ya'ya uku-uku, ni kaina ina goyo. Wani dattijo daga hayin Dahomey ya auri Yaya, ba kiɗa ba guɗa, haihuwar fari ta tafi da ita.

Yanzu jikokina da waya suke fasa aure, kafin a sauke tukunya an gama. Ina yi musu faɗa ba su da kunya. Amma dai mu masu kunyar, Yaya muka binne.