Ranar da Aka Karɓe Jitar Kawu

Ko da zan manta komai na zamana a Jidda, ranar da muka zauna ɗaukar kaset ɗin kawuna ba za ta fita daga raina ba.

Kawu direban wani Balarabe ne a unguwar Sharafiyya, amma a ƙuruciyarsa a Damagaram makaɗin jita ne. Daga faifan garmaho ya koyi kiɗan rok na Amurka, irin na farko-farkon nan mai sa ƙafa motsi ko mutum bai so ba. Da ciwon sukari ya soma kashe masa yatsu, sai ya ƙudurta sake rera tsofaffin waƙoƙin nan a kaset guda don girmama masu su. Ya ce mini, "Ban taɓa ganinsu ba, amma malamaina ne. Bari in gode musu tun hannun yana jin magana."

Ni zan buga masa ganga. Matsalar ita ce umara na zo na maƙale, ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, ga shi a lokacin ana ta kame. Amma wa zai iya ce wa Kawu a'a?

Wani tela ɗan Cadi ya ara mana ɗakin ajiyarsa a unguwar Sa'alaba. Bayan la'asar muka jingina katifu a bango don sauti kada ya fita, muka kunna rikoda. Gumi ya jiƙe ni sharkaf, kuma ba zafi kaɗai ba ne. Duk motar da ta tsaya a layin sai in dubi ƙofa. Kawu kuwa ido a rufe, yana ta rera Turancin da shi kansa bai san rabin ma'anarsa ba.

Muna tsakiyar wata waƙa telan ya buga ƙofa, ya ce: "'Yan sanda ne, shago-shago suke bi, sun ji kiɗa!"

Na saki gangar. Kawu ya tura ni bayan katifa, ya ce, "Ɗan nan, ko tari kada ka yi." Ya rungumi jitarsa ya fita yana kaɗawa da ƙarfi. Ina jin sa yana cewa da gurgun Larabcinsa, "Ni ne mai hayaniyar, ga ni, ga jitar!" Ya dinga musu da su har hankalinsu duka ya koma kansa. Wani ya daka tsawa, "Yalla!" Mota ta tashi da shi. Ba wanda ya leƙo ɗakin.

Kafilinsa, wato Balaraben da yake wa aiki, ya fito da shi daga baya, amma jitar ba ta dawo ba. Kafin ya samu wata, yatsun sun mutu. Kaset ɗin ya tsaya a rabi, kuma bai taɓa yi mini zancen ba har ya rasu.

Sai da na girma na fahimci abin da ya bayar a ranar. Tun daga nan na daina auna ƙauna da abin da mutum ya faɗa mini. Ina duban abin da ya rabu da shi domina, ya kuma yi shiru.