Ranar da Hannun Maɗori Ya Karye

A Gulma, duk wanda ya karye gidan Maliki ake kai shi. Ɗori gadon gidansu ne, shi kuwa ƙato ne mai damatsa kamar taɓarya. Har daga Zauro manoman shinkafa suke kawo nasu.

Shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato ciwon suga ya kama shi. Ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga rama. Yakan sayi ƙwayoyi wurin Okwudili mai kemis a Argungu, in ya ji sauƙi ya watsar, ya koma jiƙon sassaƙe. Haka aka kwashe shekaru.

Wata rana da hantsi aka kawo wani masunci da karaya a ƙwauri. Maliki ya sa aka danne shi, ya kama ƙafar ya ja kamar yadda ya saba. Sai aka ji ƙas! Masu dannewa suka dubi ƙafar. Ba ita ba ce, wuyan hannun Maliki ne.

Ƙanensa Tamba ya ɗora masuncin, sannan ya ɗora yayansa. Masunci ya warke har ya koma ruwa, hannun Maliki ya ƙi kamuwa. Gari ya ɗauka, wai an karya masa asiri.

Matarsa Riskuwa ta ce, "Malam, mu tai Birnin Kebbi a yi hoto."

"Ni maɗori in kai kaina asibiti? Mi mutane za su ce?"

"Ai sun riga sun ce."

Daga ƙarshe dai suka tafi. Likita ya dubi hoton da kyau, ya ce, "Baba, sugan nan ya jima yana raunana ƙashinka, kamar yadda gara take cin azara. Daga waje lafiya lau, ciki kuwa ba ƙarfi. Ka bar jan ƙafar mutane, kuma ka kiyayi faɗuwa."

Da suka iso gida, Maliki ya daina ɗori. Ya bar wa Tamba zauren. Tafiya ma ya koma yi a hankali, yana dafa bango, yana tsoron ko da dokin ƙofa.

Da damina ta kama, santsi ya kwashe shi a wurin alwala, ƙugunsa ya karye. Bai ƙara tsayawa da ƙafafunsa ba.

Yanzu in an kawo mai karaya, daga ɗaki yake jin ihun. Sai ya damƙe gefen tabarma da hannunsa mai lafiya, ya ce, "Tamba bai ja sosai ba." Riskuwa kuwa sai dai ta ƙara muryar rediyo.